Kunnen Jar Akuya

Tun tana aji uku a kwaleji Asabe ta san abin da take so ta zama, ta kuma san ta inda za ta bi. Gwaggonta Tsahara, wadda ta riƙe ta a unguwar Zariya ta cikin garin Maraɗi tun ranar da aka sa ta lakwal, wato makarantar boko, takan ce ba ta taɓa ganin yarinya mai jera rayuwarta kamar mai jera kwanuka ba. Ta ce za ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, a zama ɗaya, ta ci. Ta ce za ta shiga sashen kiwon dabbobi a jami'a, ta shiga. A shekarar da muke magana a kai abu biyu suka rage mata. Na farko ta fito ta ɗaya a ajinsu, domin ɗalibi guda kaɗai ake turawa Dakar ya ƙarasa karatun likitan dabbobi. Na biyu, wanda shi ne ainihin abin da take yi wa wahala, ta dawo Jiratawa ta zauna kusa da mahaifinta tana duba awakin mutanen garinsu.

Mahaifin nata, Bawa, manomi ne. Da damina gero, da rani zogale da albasa a fadamar da ake ba wa ruwan famfo. Yana cikin tsirarun dattawan da suka rage a kan al'adar kakanni. Ƙanwarsa Tsahara ta musulunta tun tana budurwa, ɗiyarsa ma a hannunta ta tashi da salla, bai taɓa cewa uffan ba. Shi dai abu ɗaya ya riƙe. Matarsa Baturiya ta binne 'ya'ya uku kafin Asabe, ba wanda ya kai yaye. Da ta sami ciki na huɗu sai ta je gindin tsamiyar da ke bakin gonarsu, inda suka yi imani Doguwa, iskar gidansu, take zama, ta yi alkawari: in wannan ya rayu, gidan ba zai taɓa rasa jar akuya ta Doguwa ba, ja zalla, ba ɗigon fari, ba tabo, ba yanka ko'ina a jikinta, kuma haifaffiyar gida, ɗiya ta gaji uwa. Asabe ta rayu. Baturiya ce ta rasu, lokacin Asabe tana da shekara tara. Tun daga nan Bawa ke kiwon akuyar shi kaɗai, kuma a wurinsa ran ɗiyarsa yana ɗaure a turken nan.

Asabe ba ta yarda da wannan ba, amma ba ta taɓa yi masa dariya ba. Akuyar da ke kan turke yanzu jikar ta farkon ce, ta tsufa, shekara goma sha ɗaya, kuma bunsuraye kawai ta yi ta haifa. A wannan karon tana da ciki wata biyu, Bawa yana lallaɓa ta kamar ƙwai.

Istaj ɗin shekarar ƙarshe, wato koyon aiki a fili, a rigakafin awaki da tumaki aka tura su, na cutar nan mai kawo majina da zawo wadda ke share garke cikin mako guda. Mai kula da su shi ne Mushe Maman Lawali (Mushe, wato malam a Faransanci), dattijo mai sanyin magana wanda ya shekara talatin yana bin ƙauyuka da akwatin ƙanƙara. Ranar farko ya tsayar da su ya ce aikin kalma uku ne: allura, kunne, saki. A yi allurar a gefen wuya, a ɗauki ɗan awartaki a gutsure gefen kunne kaɗan don a san an yi wa wannan, sannan a saki. Ya ce maganin da ke cikin akwati ba ya jiran kowa, da rana ta yi zafi ƙarfinsa yake raguwa, don haka mai saurin hannu shi ne mai ceton dabbobi da yawa.

Asabe ta ɗauki kalmomin uku kamar yadda take ɗaukar kowane darasi. Ta nemo kwali ta yanke shi siffar kunne, ta zauna a tsakar gidan Gwaggo tana gutsura har hannunta ya daina tambayar kanta. Ta lura cewa abokan karatunta suna ɓata lokaci wajen neman awartaki a aljihu ko cikin rairayi, sai ta ɗaure nata da igiya a wuyan hannun dama, yana lilo. Allura na fita, awartaki na faɗowa tafin hannu. A Tibiri, cikin mako na biyu, ta yi wa dabbobi ninki biyu na abin da kowa ya yi. Shamsu, ɗan ajinsu mai rubuta lissafin dabbobin, ya raɗa mata suna Madam Awartaki, yana gargaɗin mata masu kawo awaki su rufe kunnuwansu da ɗankwali in sun zo kusa da ita. Har Mushe Maman Lawali sai da ya murmusa.

A Tibirin ne kuma ta fara ganin yadda mutane ke ji da kunnen dabba. Wasu sun ƙi kawo ragunansu, suna tsoron in an taɓa kunne layya ba za ta yi ba. Ta yi ta zama da su tana nuna musu ƙanƙantar abin da ake cirewa, wasu su yarda, wasu su kaɗa kai su ja ragonsu su tafi. Kowane wanda ya tafi sai ta tuna turken gidansu. Cutar kuwa an ce ta riga ta ɓulla a wasu ƙauyukan arewacin gari.

Ranar Juma'a da ba a aiki ta hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Jiratawa. Ta sami Bawa a garka, lambunsa na fadama, ya naɗe wando zuwa gwiwa yana buɗe wa zogale hanyar ruwa. Suka gaisa. Ya tambayi Tsahara da ciwon ƙafarta, ya tambaya ko har yanzu mutanen birni suna sayen ganyen zogale da tsada kamar wanda aka sauko da shi daga sama. Ta karɓi fartanyar ta taya shi, sannan a hankali ta kawo maganar. Ta gaya masa irin abin da cutar ke yi, ta ce akuya mai ciki kuma tsohuwa ita ce farkon faɗuwa. Ya daɗe yana kallon ruwa yana bin kwari.

"Allurar taku tana barin tabo?"

"Ba ta bari, Baba. Ko ni da na yi, bayan kwana ɗaya ba zan gane wurin ba."

"To kunnen fa? Na ji an ce kuna yi musu shaida irin ta ɓarayin da."

Ta yi dariya, ta ce za ta roƙi malaminsu a bar wannan ɗaya. Ya juyo ya dube ta sosai.

"Ke za ki yi da hannunki. Ba wani ba."

"Ni zan yi."

"To na ba ki wuyanta. Kunnen ba nawa ba ne balle in bayar."

Ta ce ya bari sai an gama da kowa, ya kawo ta a ƙarshe, lokacin da babu hayaniya. Ya ce to.

Mushe Maman Lawali bai ja maganar ba da ta kai masa. Ya ce ya san irin waɗannan gidajen, kakarsa ma tana da farin zakaran da ba a taɓawa. Akuya guda ba za ta rushe aikin ƙasa ba. Ya ce in ranar ta zo ta yi allurar, Shamsu ya rubuta, a bar wa akuya kunnenta.

Ranar Talata suka isa Jiratawa. An tara dabbobi a filin bayan makaranta, kuma tun safe aka ga ba irin taron Tibiri ba ne, don labarin mutuwar awaki a ƙauyen da ke kusa ya riga su zuwa. Layi ya miƙe har bakin hanya. Awakin kuwa kusan duk jajaye ne, irin na ƙasar Maraɗi, in ka ga ɗaya ka ga dubu. Asabe ta durƙusa a inuwar bishiyar bedi ta fara. Kafin hantsi ta daina ɗaga kai. Wuya take gani, sai kunne, sai ƙafafun mai riƙewa. Ƙanƙarar akwati tana narkewa, Mushe yana leƙawa yana duban agogo, Shamsu yana kiran lamba a bayanta. Gwiwoyinta suka mutu, gumi yana shiga idonta, hannun dai yana tafiya shi kaɗai.

Abin da ba ta sani ba shi ne an sauya wa su Bawa lokacin ruwa. A wannan ranar bayan azahar za a buɗe wa layin garkarsu famfo, wanda ya rasa kuwa sai bayan kwana biyar, albasa ba za ta jira ba. Don haka ya jawo akuyarsa ya shiga layi kamar kowa. Da ya iso gabanta bai yi magana ba. Ya ga malaminta a tsaye, ya ga 'yan birni da fararen riguna, ya dubi tsohuwar taguwarsa da layun da ke damtsensa, sai ya ga bai kamata ya kira ta a gabansu ba. Ya ɗauka ɗiya ba za ta rasa gane akuyar da ta yi wasa da ita ba. Ya sunkuya, ya riƙe mata kan.

Allura ta shiga ta fita. Awartaki ya faɗo tafin hannu. Ƙas.

Sai da ta zo sakin kunnen ta ga hannun da ke riƙe da haɓar akuyar. Ɗan yatsan da lauje ya taɓa gutsurewa, da zoben baƙin ƙarfe. Ta ɗaga kai.

Bawa ba ita yake kallo ba. Yana kallon ƙasa, inda ɗan guntun kunnen ya faɗi, bai kai ƙwayar wake ba. Ya saki akuyar, ya durƙusa da ƙyar, ya tsince shi, ya hure masa rairayi, ya rufe a tafin hannunsa. Jini ɗigo biyu ne kawai ya fito. Akuyar ta girgiza kai ta shiga neman ganyen bedi kamar ba abin da ya faru.

"Baba," in ji Asabe.

"Yi aikinki," ya ce a hankali. "Mutane na jira."

Ya ja igiya ya tafi. Shamsu ya buɗe baki zai yi barkwancin da ya saba, ya ga fuskarta, ya rufe. Mushe Maman Lawali ya zo ya dafa kafaɗarta ya ce ta je ta sha ruwa, shi zai karɓa. Ta ce a'a. Ta yi wa sauran ɗari da 'yan kai, kuma babu kunnen da ta kuskure.

Da la'asar ta je gida. Ta tarar da shi ya dawo daga garka yana zaune kusa da turke. Ta durƙusa ta ba shi haƙuri, ta bayyana masa yadda abin ya faru, igiyar, da layin, da yadda ba ta ɗaga kai. Ya saurara har ta gama. Ya ce ya sani ba da gangan ta yi ba, laifin ma nasa ne da bai yi tari ba ko sau ɗaya. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi mata zafi. Abin da ya ce kawai shi ne yanzu sai a jira abin da ke cikin cikin. In ta haifi mace ja zalla, alkawari ya sami magaji, zai je ya roƙi Doguwa ta yi haƙuri da watannin da aka yi babu. In ba haka ba kuwa... bai ƙarasa maganar ba.

Bayan mako uku cutar ta shigo Jiratawa. Gidajen da suka ɓoye awakinsu ranar rigakafi sun yi ta jan gawa zuwa bayan gari. Akuyar Bawa ko atishawa ba ta yi ba. Maƙwabta suka riƙa zuwa suna ce masa ɗiyarsa ta yi musu rana, yana amsawa da godiya.

Asabe ta koma kan abin da ta iya, wato tsara aiki. Ta ƙirga kwanakin cikin ta san makon haihuwa. Kowace Lahadi tana zuwa da dusa da harawa daga kasuwar Sabon Gari, ta taɓa cikin, ta duba idanu da haƙora, ta rubuta. Sauran kwanaki tana rubuta memwar ɗinta, kundin binciken kammala karatu, tana bitar jarrabawa tun daga asuba har lokacin tafiya aji. Gwaggo Tsahara ta ga tana ramewa ta ce mata ai ita musulma ce, ta san rai a hannun Allah yake, ba a kunnen akuya ba. Asabe ta ce ta sani. Ba don ranta take zirga-zirgar ba. Babanta ne ba ya cin abinci. Duk zuwan da ta yi sai ta ga taguwar ta ƙara yi masa yawa. In ta yi tari sai ya zabura. Ranar da ta zo da ɗan ƙujewa a gwiwar hannu, kabu-kabu ya zame da su a yashi, ya riƙe hannun yana dubawa har sai da ta ji kunya, kuma tun daga ranar ya fara raka ta bakin hanya yana gaya wa mai babur ya tafi sannu.

Ta kare memwar ɗinta ranar Alhamis, cikin zafin bazara. Bawa bai zo ba, ya aiko cewa ba zai bar akuya ita kaɗai ba, nononta ya cika. Malamai uku suka yi mata tambayoyi awa guda, suka fita, suka dawo suka miƙe tsaye suka karanta sakamako. Ita ce ta ɗaya, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Mushe Maman Lawali ya gaya wa taron cewa a shekara talatin bai ga hannu irin nata ba. Aka yi tafi. Gwaggo ta rangaɗa guɗa a cikin zauren jami'a har wani farfesa ya cire tabarau yana dariya. Asabe ta tsaya da furanni a hannu tana godiya, tana jin kalmar hannu tana yi mata yawo a kai.

Ranar Asabar da hantsi maƙwabciyarsu Ramatu ta kira ta a waya ta ce akuya ta fara naƙuda. Kafin ta isa an haihu. Ɗa guda ne, yana kwance jiƙe a kan buhu, uwar tana lasarsa. Bawa yana tsugune bai taɓa shi ba, kamar yana jiran ta zo. Ita ce ta ɗaga shi ta duba.

Mace ce. Ja ce daga hanci har wutsiya, ja mai kyau irin wadda ake nunawa a littafi. Asabe ta ji numfashinta ya dawo. Ta juya ta don ta duba cibiya, sai ga shi a ƙarƙashin ƙafar gaba ta hagu, wurin da ba wanda zai gani sai ya nema: farin gashi, faɗin babban yatsa.

Tana iya mayar da ƙafar ta rufe. Idanun Bawa sun yi rauni, kuma ita ce likita. Ta tsaya da ɗiyar akuyar a hannu na ɗan lokaci. Sannan ta matsa kusa da shi, ta ɗaga ƙafar, ta nuna masa.

Ya duba. Ya sa yatsa ya shafa wurin ko ƙasa ce. Ya karɓe ta, ya kai bakinta ga nonon uwar, ya jira har ta kama.

"Lafiyayya ce," ya ce.

Ta ce masa akuyar za ta iya sake ɗaukar ciki. Ya tambaye ta, a matsayinta na wadda ta karanta, ko gaskiya ne. Ta ce da wuya, don ta ga haƙoran, ta kuma ga yadda haihuwar ta bar tsohuwar. Ta ce to za ta samo masa wata, ta san inda ake kiwon jajaye zalla, za ta zaɓo wadda babu irinta. Ya ce ta san ba saye ake yi ba.

Suka koma inuwar zaure. Ramatu ta kawo fura ta ajiye ta fita. A nan ne ya tambayi jarrabawa, ta gaya masa. Ya sa ta maimaita, ita ce ta ɗaya a cikin su nawa, maza ma suna ciki. Ya gyaɗa kai, fuskarsa ta ɗan saki. Ya tambayi nisan Dakar. Ta ce kwana uku ko huɗu a mota, sai an ƙetare ƙasashe. Da can duk lokacin da aka ambaci tafiyar nan sai ya canza magana, ko ya ce mi ke akwai a can da babu a Maraɗi. Yau sai ya ce madalla. Ya tambaya shekara nawa. Ta ce za ta riƙa zuwa duk hutu, kuma da ta gama nan za ta dawo, ta riga ta ga ɗakin da za ta buɗe wurin duba dabbobi kusa da kasuwa.

"A'a," ya ce.

Ta dube shi.

"Ita Doguwa ta nan ce. Tsamiyar nan, da fadamar nan, da gidan nan. Ba ta san hanyar Dakar ba. In kin tafi, ki zauna. In kin gama, ki nemi aiki a Yamai ko inda suka ba ki. Kada ki ƙara kwana a gidan nan, Asabe."

"Baba, ba abin da zai same ni."

"Na binne uku. Uwarki ta huɗu." Ya ɗauki ludayi ya juya furar, bai sha ba. "Ke kin san abin da kika sani. Ni ma ki bar ni da abin da na sani."

Ta so ta yi masa bayani, irin bayanin da ta yi wa masu raguna a Tibiri har suka yarda. Ta duba fuskarsa ta ga ba gardama yake yi ba, roƙo yake. Ta ce to shi fa, wa zai duba shi. Ya ce Tsahara na nan, Ramatu na nan, kuma in ya yi kewarta zai hau mota ya zo Zariya su gaisa kafin ta tafi. Birni ba ruwan Doguwa da shi sosai, hayaniya ta yi mata yawa. Ya yi ɗan murmushi da ya faɗi haka, don ta yi dariya. Ta yi ƙoƙari.

Bai bari rana ta karkata ba ya ce ta tashi. Ya shiga ɗaki ya fito da ƙullin busasshen zogale na Tsahara, da wani ƙaramin ƙulli na albasa, ya ɗauka da kansa har bakin hanya. Ya tsayar da kabu-kabu, ya duba tayoyin, ya ce wa mai babur ba sauri suke ba. Asabe ta hau, ya ɗora mata kayan a cinya.

Da suka kai kwanar da ake hawa kwalta ta waiwaya. Bai tsaya kallonta ba. Ya riga ya juya, kuma ba gida ya nufa ba, ya bi ta gefen garka zuwa bakin gona, inda tsamiyar Doguwa take, yana tafiya a hankali, hannunsa babu komai. Mai babur ya tambaye ta Zariya wajen ina. Sai da ya tambaya sau biyu ta iya ba shi amsa.